Ranar da na kira sunan ɗiyarmu

Zuwa ga maigidana, can Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka, ina ƙara tabbatar maka ɗiyarmu ta warke. Wannan ka riga ka ji a waya. Abin da ya faru cikin motar likita ne na kasa faɗa maka da baki, shi ya sa na rubuto.

Ka san ita ce ta fari. Shekara shida ban taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda aka rene mu. "Ke" nake ce mata. A ɗakin Inna, mahaifiyarka, take kwana, ita ke yi mata kitso, ni kuwa sai kallo daga bakin murhu.

Ranar Talata da hantsi masassara ta sandarar da ita. Majo, babban ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitinmu na Tama, ya buɗe idonta ya duba, ya ce jininta ya yi ƙasa, sai an kai ta babban asibitin Buza, kuma mutum ɗaya ne zai raka ta. Inna ta ɗora ƙafa a matakin motar, gwiwa ta ƙi. Ta juyo ta ce da ni, "Shiga, ke kika haife ta."

Na miƙa hannu in ɗauke ta a cinya, ma'aikaciyar jinyar da aka haɗa mu da ita, Madam Hasiya, ta hana. Ta ce in mota ta faɗa rami, daga hannuna za ta kuɓuce. Ta kwantar da ita a gefenta bisa gadon motar, ta ɗaure ta da ɗamara. Da yake gadon na manya ne, ta naɗe mayafina da nata ta tokare ta gaba da baya. Ta sa mata bututun iska a hanci, ni ma ta ɗaure ni a kujera, sannan ta ce wa shofer ya bi sannu in mun zo ƙorama.

Da ka ga hanyar nan ta tagar baya. Hatsi ya fid da kai, jajayen duwatsu sun jiƙe da ruwan jiya, mata na sunkuye a fadama. Kome na ja da baya a hankali, kamar mu muke tsaye, ƙasar ce ke tafiya. Na hango wurin da ka taɓa ɗora ta a wuya don ta ga ruwan ƙorama, tana riƙe da kunnuwanka. Na daɗe ina ganinku a wurin, har tudu ya rufe ku.

Muryar Madam Hasiya ce ta dawo da ni. Idanun yarinyar sun fara juyawa. "Yi mata magana," in ji ta. "Kira sunanta, ke za ta ji."

Na waiwaya kamar akwai wani babba a motar, babu kowa a baya sai mu uku. Na sunkuya iyakar inda ɗamara ta bar ni, na ce, Zuwaira.

Ba ta motsa ba. Na sake faɗa, na kuma sakewa. Na gaya mata akuyarta ta kusa haihuwa, na gaya mata babanta zai zo da takalma masu igiya. Muna sauka ƙorama ta biyu, na ji 'yan yatsunta sun riƙe nawa ɗaya. Ba ta saki ba har ƙofar asibiti.

An ƙara mata jini. Kwana uku bayan haka ta tashi zaune tana shan kunu, ta dube ni ta gefen kofi ta ce, "Ashe kin san sunana." Na yi dariya, na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba a mota.

Yanzu a gaban mutane na koma "ke". Amma da safe takan bi ni rijiya, in babu kowa a hanya sai in faɗa a hankali, ita kuma ta amsa da ƙarfi. Rannan na kira sunan tun muna ƙofar gida, Inna ta ji mu, ta ci gaba da tsince wakenta ba ta ɗago ba.

Allah ya saka wa waɗanda suka ɗauke mu da alheri. Allah ya kai kowane yaro da aka kwantar bisa gadon nan lafiya, ya maido shi da ƙafarsa. Kai kuma Allah ya tsare mana kai, ya kawo ka gida kafin a gama girbi, ka ji da kunnenka.

Taka,
Mariyama