Ƙoƙo Huɗu Kafin Jiniya

Zuwa ga maigidana Peniamina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya. Yaya aikin tsinkar inabi, yaya sanyin Ostareliya? Ciwon bayan nan ya sake ka kuwa?

Na san fasto ya buga maka waya, ka ji mun binne mahaifiyarka Inna ranar Asabar a kan tudu, tunda teku ya share gidanmu har da kabarin Baba na ƙofar gida. Ni da 'yarmu Lupe muna ajin makaranta tare da jama'a, ana ba mu gwaza da kifin gwangwani. Akwai abin da fasto bai faɗa maka ba.

Ka tuna lokacin da gwamnati ta kafa jiniyar gargaɗin ambaliyar teku ta koya mini kunna ta, kana tsokanata da “Malama Sarkin Ihu”. Makullin kuwa tsoho Tauvela shugaban gari ya karɓe ya rataya a wuya, wai bai dace baƙuwar da aure ya kawo ta riƙe shi ba.

Ranar Talata da hantsi ƙasa ta girgiza. Can sai ga saƙo a wayata, wai ambaliyar teku na tafe, kowa ya hau tudu. Na ruga zauren dattawa, na tarar ana zagayen shan ava, abin shan gargajiyar nan da ake miƙa wa kowa a ƙoƙo bi da bi. Ka san ƙa'ida. Ba a shiga a tsaye, ba a katse mai kiran sunayen masu sha, balle mace, balle ni. Sai na durƙusa a bakin tabarma ina ɗaga waya. Tauvela ya gan ni, ya ɗaga hannu alamar in dakata.

Peniamina, na dakata. Ƙoƙo huɗu aka sha a gabana, ina kallon teku yana ja da baya, alamar ambaliya ta kusa. Sai a na biyar na tashi na fizge makullin daga wuyansa.

Jiniya ta yi kuka, masu ƙafa suka tsira. Inna ma ta ji, ta fito da gwiwoyin nan nata masu ciwo. A matakala ta uku ta hawan tudu aka tsinci sandarta.

Abin da ya fi ci mini rai, ita ta koya mini durƙuson nan. Shekara goma sha biyu tana yabon surukarta a coci, wai ba a taɓa jin muryata a gaban manya ba.

Bayan ruwa ya lafa na mayar wa Tauvela makullin, jiya sai ya aiko mini da shi, ko kalma bai haɗo da shi ba. Ga shi a wuyana, nauyi kamar dutsen niƙa.

In ka ga ba za ka iya haɗa ido da ni ba, ba zan ga laifinka ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka faɗa mini da wuri. Kada ka bar ni a durƙushe ina jira.

Lupe tana gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Sieni