Ɗan Kwanon Inna

Ibeto, Litinin

Zuwa ga ƙanwata Khairat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin koma Kontagora lafiya, kin sami Malam Auwal da yara ƙalau. Na rubuto ne don kin san halin wayar garin nan, sai mutum ya hau tudu, ni kuma maganar da ke bakina ba ta kan tudu ba ce.

Kin ba ni kunya ranar sunan jikata. Ni da ake ɗauka ƙauye ƙauye in yi wa mutane alkaki da nakiya da dubulan, a ce ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta zo gidana da abincinta a kula. Aka kawo miki shinkafa kika ce kin ƙoshi, aka kawo lemo kika ce a ba ki ruwa. Can sai ga ki a bayan ɗaki da ɗan sikeli kina auna wake kamar mai sayar da gwal, kina latsa waya. Uwar mijina ta ja ni gefe ta tambaya ko Auwal ya daina cefane ne.

Ke da kike cika ƙofa in kin shigo, yanzu duk wuya ya fito. Ga fanteka guda ta alkaki na ba Kawu Saliu direba ya kawo miki. Ki ci, kada ki auna. Ki gaida mutanen gida.

Yayarki,
Sa'adiya

Kontagora, Alhamis

Yaya,

Wa'alaikumussalam. Ina gaishe ki da gajiyar suna, Allah ya raya Nuriyya. Saƙo ya iso, na gode. Malaman makarantarmu sun cinye alkakin kafin a tashi tara, suna ta sa miki albarka. Ni guda ɗaya na ci, na kuma rubuta shi.

Auwal bai daina cefane ba, ki gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Abin da kika ga ina latsawa lissafin kalori ne, wato ma'aunin ƙarfin da kowane abinci ke zuba wa jiki. Dubu ɗaya da ɗari shida nake ci a rana. Wayar ba ta san tuwon dawa ba, shi ya sa nake auna garin kafin in tuƙa. Na bar burodi da taliyar leda da lemon kwalba da shayi mai kauri. Na koma wake da zogale da dawa da ɗanyar kuɓewa da kifi, abin da aka ciro daga gona ko ruwa bai bi ta inji ba. Kilo ɗari da huɗu nake a bara, yanzu tamanin da biyar. Ina hawa matakalar makaranta ba tare da na tsaya haki ba.

Amma ba abincin ne ya tsaya mini a rai ba. Yini guda na yi a gidanki ba ki dubi fuskata ba. Ina sauka daga babur kika shige ɗaki, da zan tafi kuma ta bayan labule kika yi mini sallama.

Ba ke kaɗai ba ce. Ranar Asabar na je kasuwa sayen daddawa wurin Iya Lahadi, ƙawar Inna. Ta ɗago kai, sai faifan daddawar ya suɓuce mata. Ta yi ta salati, ta ƙi karɓar abu daga hannuna sai da na faɗi sunana sau biyu. Me kuke gani ne, Yaya? Ki gaida Nuriyya da uwarta.

Taki,
Khairat

Ibeto, Talata

Khairat,

Bayan gaisuwa. Tunda kin tambaya, zan faɗa.

Inna na gani. Kin sauko daga babur da shuɗin zanenta mai ganye ganye, wanda ni na ɗinka mata da ta rame kayanta suka yi mata yawa. Wuyan nan, ƙashin kuncin nan, har yadda kika dafa gwiwa kafin ki miƙe. Shekara biyu da rasuwarta, da rana tsaka, ga ta tsaye a ƙofar gidana tana neman inda za ta ajiye takalmi. Na shige ɗaki na saki labule.

Ke ba ki ga wannan fuskar sosai ba, lokacin kina koyarwa a Dukku, sai ƙarshen wata kike leƙowa. Ni na yi wata takwas ina kallonta kullum. Inna da ƙibarta muka san ta, ranar da ta fara ramewa ranar ta kama hanya. Ciwon suga ya ci naman jikinta, ya ci idonta, ya ci ƙafarta, aka yanke, sannan ya ɗauke ta. Yanzu ke ki ce mini da gangan kike neman wannan kamannin, har kina murna da kilo. Ni tsoro nake ji, kuma haushinki nake ji.

Ki gaya mini gaskiya don girman Allah. Ciwo ne? Ban aiko da komai ba wannan karon, tunda malamai ake ciyarwa.

Yayarki

Kontagora, Juma'a

Yaya,

Ina gaisuwa. Na so in ɓoye miki har abin ya daidaita, amma kin haɗa ni da Allah.

Bara bayan sallar layya na fara yawan ƙishirwa, tafin ƙafata na yi mini kamar ana tsira allura. Na je asibiti aka gwada. Sista Dorkas, wadda ta riƙa wanke wa Inna ƙafa, ita ta miƙo mini takardar. Ta ce sugana ya hau, ina bakin ƙofar ciwon, amma ban gama shiga ba. Ta ce in na rage jiki na gyara ci, ana iya komawa baya. Sannan ta dubi ƙafafuna, ni ma na dube su.

Ramar Inna ciwo ne ya jawo ta. Tawa ni na nema, don kada ya same ni. Gwajin watan jiya ya sauko, Yaya. Fuskar ce dai ba ni da yadda zan yi da ita. Ni ma in na yi alwalar la'asar na wuce madubi, sai in ga tana kallona, in tsaya in rasa ko in gaishe ta. Na juya madubin ya kalli bango.

Kin tuna ɗan kwanon silba da likita ya ce Inna ta riƙa cin tuwo da shi, cikinsa ɗaya kawai? Shi nake amfani da shi. A adakarta na same shi da na je ɗauko zannuwan. Abin da ya ba ni mamaki, sabo fil yake, ko ƙarcen cokali babu.

A ƙarƙashinsa kuma akwai gwangwanin madara naɗe cikin ɗankwali. Na buɗe, marafan kwalbar lemo ne cike. Kin san yanzu komai sai na ƙirga. Ɗari da goma sha ɗaya. Matar da ba ta iya taka ƙasa ba, wa yake kawo mata? Ina zargin masu zuwa dubiya, kuma wallahi in na gano ko wace ce sai ta ji daga bakina. Ki yi mini addu'a.

Khairat

Ibeto, Laraba

Khairat,

Sallama. Sati uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Ki bar zargin masu dubiya. Ni ce.

Kullum bayan azahar sai ta kira ni, ta kama hannuna ta ce bakinta ɗaci, duniya duk ta yi mata salam. In na kawo tuwo a ɗan kwanon nan sai ta kawar da kai ta ce, "Sa'a, ni ce yau ake auna wa abinci kamar 'yar kaza?" Ta yi kuka. Ban taɓa ganin Inna na kuka ba sai a kan kwanon nan. Na ɓoye shi. Na fara ba ta rabin kwalbar lemo, ya koma guda. In zan yi alkakin biki sai in ajiye mata biyu. Tana sha tana lumshe ido tana sa mini albarka, ni kuma ina cewa a raina ai wannan ɗan kaɗan ba zai yi komai ba. In Sista Dorkas ta tambaya sai in ce muna kiyayewa. Ban san tana tara marafan ba. Ashe ɓoye su take don kada a kama ni.

Na san kwana na Allah ne. Amma ranar da aka fito da ita daga ɗakin tiyata, zani ya kwanta shafe a inda ƙafa take, na san abin da hannuna ya yi. Tun ranar ban gaya wa kowa ba, ko mijina. Ni ban iya son mutum ba sai da abin zaƙi, shi na iya, shi na ba ta, shi kuma na aiko miki fanteka guda kina bakin ƙofar ciwon.

Kin ce sai mai laifi ta ji daga bakinki. Ki zo ki faɗa, zan tsaya. Amma ina roƙon abu ɗaya, ki sanyo shuɗin zanen. Na san ke ce, ban haukace ba. Akwai maganar da ban samu na gaya wa wannan fuskar ba kafin a rufe ta.

Yayarki, in har yanzu kin yarda,
Sa'adiya

Kontagora, Asabar

Yaya,

Wa'alaikumussalam. Na karanta, na yi fushi kwana biyu, na yi kuka na uku.

Akwai ranar da na kira Inna daga Dukku ina yi mata faɗan abinci, ta katse ni ta ce, "Ke dai likita ce. Yayarki ce mai tausayina." Na ji zafin maganar har ta rasu. Sai yanzu na gane ta.

Zan zo ranar Juma'a a motar Kawu Saliu, da zanen. Ki dube ni ki faɗi abin da za ki faɗa. In kin gama, ni ma ina da tawa buƙatar. Zan zo da na'urar gwajin suga, kuma yatsanki zan fara tsirawa, don na ga yadda kike ɗingisa ƙafar hagu ranar suna.

Kada ki soya komai. Ki jiƙa wake. Ina tafe da kwanon, cikinsa ɗaya ni, cikinsa ɗaya ke.

Ƙanwarki,
Khairat