Saƙon Da Ya Zo Da Sunanka

Zuwa ga mijina, Abban Hanifa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci, ina rubuto maka daga falonmu na Dutsen Kura. Na fita takaba ranar Juma'ar da ta wuce. Wani abu ya faru a asibitin nan na Shango da muke kula wa da kwamfutoci, kuma ba wanda nake son in ba labarin sai kai.

Bayan sadakar bakwai, da 'yan gaisuwa suka ragu, na buɗe laftof na shiga sabar asibitin, babbar kwamfutar da ke riƙe da duk bayanansu, daga gida, na rufe asusunka. Kai ka kafa dokar: duk wanda ya bar aiki, a ranar ake rufe masa hanyar shiga, ko da lafiya aka rabu. Ban taɓa kawo wa raina cewa sunanka zai zo gabana ba. Na daɗe ina kallonsa kafin in danna. Ban goge shi ba dai, kulle shi kawai na yi.

Ka tuna yadda muka tarar da wurin? Kalmar sirri ɗaya kowa yake amfani da ita, an rubuta a takarda an manna a bango. Sabar kuwa tana ƙarƙashin teburin akanta, kusa da fulas ɗin shayinsa. Ka dage sai da aka ba ta ɗaki mai makulli da na'urar sanyaya wuri, aka haɗa mata inbata saboda ɗauke wuta. Ka raba intanet ɗin masu jinya da na ma'aikata. Ka ba kowa asusunsa, kuma ba mai ganin komai sai abin da ya shafi sashensa. Likita mai asibitin yakan yi dariya ya ce, "Injiniya Sani, ai ko banki ba a tsananta haka."

Ni ma na sha yi maka ƙorafi, musamman kan faifan ajiya biyun nan. Ɗaya yana haɗe da saba, ɗaya yana cikin durowarmu a gida, ana musanya su duk ƙarshen mako. Sannan duk wata sai ka kashe mana Asabar guda kana gwada dawo da fayiloli daga ciki, ni ina son mu je gidan Hajiya. Kullum amsarka ɗaya ce: "Maman Hanifa, in ba mu gwada ba, ba mu san ko akwai wani abu a ciki ba."

Da na shiga takaba, Rifkatu ce ta ɗauki musanyar. Rifkatunka mai kula da katunan marasa lafiya, wadda take kiran ka Oga. Duk Juma'a in ta tashi aiki sai ta biyo da faifai ɗaya ta karɓi ɗaya, ta zauna kaɗan tana ba Hanifa labarin ƙauyensu a kudancin Kaduna.

Wata Talata da hantsi ina wanke wa Hanifa kai, sai ga kiranta. Ta ce, "Madam, Oga ya turo saƙo."

Abban Hanifa, na ga an fita da kai. Na san inda kake. Amma wallahi sai da zuciyata ta yarda na ɗan lokaci. Na tsaya da kumfar sabulu a hannuna, Hanifa tana cewa yana shiga mata ido, ni ban ma ji ta ba.

Imel ne. Sunanka a sama, adireshin kamar naka, harafi ɗaya kawai suka canza. Wai kowane ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin da ke haɗe don sabunta kwamfutarsa. Duk wanda ya san ka bai iya taɓa shi ba. Amma akwai sabon ma'aikaci a ɗakin gwajin jini, wanda ya zo bayan rasuwarka. Ya dai ji ana cewa Injiniya Sani ne mai kwamfutoci, ba wanda ya gaya masa sauran. Ya buɗe. Nan take sakamakon gwaje-gwaje suka fara kullewa ɗaya bayan ɗaya.

Na share hannuna a zani na ce wa Rifkatu ta ruga ta zare wayar intanet daga bayan kwamfutar ɗakin gwaji, sannan ta cire ta sabar. Ina jin takunta da hakinta ta waya. Da yake asusun yaron iyakarsa sashen gwaji, ɓarnar ba ta kai ga katunan marasa lafiya da na magunguna ba. Faifan da ke haɗe da saba kam ya tafi. Na durowarmu ne ya rage.

A ranar akwai wata tsohuwa daga Wushishi da ake shirin yi wa tiyata, duk sakamakonta yana cikin abin da aka kulle. Rifkatu ta hau keke ta zo ta karɓi faifan. Ta koma ta kira ni ta bidiyo, ina nuna mata inda za ta danna, muka wanke kwamfutar tas muka dawo da fayilolin. Na tsohuwar ya fito. Na waɗanda aka gwada daga Asabar zuwa ranar kuwa ya salwanta, sai da aka bi su da waya aka ba su haƙuri aka sake ɗibar jininsu. An yi wa tsohuwar aiki washegari, kuma ta tashi.

Kowa yana ta yi mini barka, ni kuwa kuka nake yi. Sunanka fa suka ɗauka. Sunan da in mutanen nan suka gani suke sakin jiki, shi aka mayar tarko.

Daga baya na sa kowa ya canza kalmar sirri. Yanzu ba mai shiga sai da lambar da ake turo masa ta waya. Na sabunta duk manhajojin. Na roƙi Likita kada ya kori yaron, don ba laifinsa ba ne. Sannan na cire sunanka da lambarka daga shafin asibitin, inda na tabbata nan suka samo su.

Jiya Litinin na shiga ɗakin sabar, karo na farko ni kaɗai. Kowace waya tana ɗauke da 'yar takardar da ka naɗa mata da rubutun hannunka: gwaji, magani, likita, kati. Wasu sun fara ɓanɓarewa, tawadar ta dusashe. Na zo da sabbin takardu da biro don in sake rubutawa. Na kasa. Sai na aika aka sayo mini salatif mai haske, na bi su ɗaya ɗaya na lulluɓe naka. Rifkatu ta leƙo ta gan ni a durƙushe, ta ja mini ƙofa ta koma.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya sa amanar mutane da ka riƙe ta zame maka nauyi a mizani. Ya ba ni ƙarfin riƙe abin da ka bari, Ya raya mana Hanifa, Ya haɗa mu a Aljanna.

Matarka har kullum,
Maman Hanifa