Jar Ƙasa a Gwangwanin Shayi

Kano

Ghali,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Wannan ba zancen waya ba ne, gidan nan kunnuwa sun yi yawa, shi ya sa na ba Harouna ɗan kasuwa takarda tunda gobe zai taso wurinku.

Kayan da ka loda a tashar jirgin ruwa ta Nansha sun iso. A ƙasan dilar riguna na tarar da wani kulki sumul, da safar hannu ta fata kamar ta ƙato, da gwangwanin shayi naɗe cikin farin ƙyalle. Na buɗe, gari ne ja-ja, ga hoton wani tsohon ɗan Sin manne a murfi. Ƙanwarka Radiyya ta ce mutanen can ƙona gawa suke yi su zuba tokar a gwangwani. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Ni na haife ka, kada ka yi mini kwana-kwana. Gawar wa ka aiko mini gida?

Allah Ya shirya.
Mahaifiyarka, Yalwa

Guangzhou

Umma,

Ina gaishe ki da girmamawa, a gaida kowa da kowa. Wallahi ba toka ba ce.

Tsohon sunansa Lao Liang, wurinsa nake sarin riguna a kasuwar Shisanhang, wata uku ke nan da ya rasu. Da ƙuruciya ɗan wasan besbol ne, wasan da ake dukan ƙwallo da irin kulkin nan, daga baya ya zama kocin wata ƙaramar ƙungiya. Kulkin da safar cafe ƙwallon nasa ne, ya bar mini. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ni na ɓoye miki, shi ya yi jinyata. Har sabuwar tukunya ya sayo don kada ya dafa mini a wadda naman alade ya taɓa. Da na warke ya riƙa jana filin wasan duk Lahadi. Ban taɓa samun ƙwallon ba, sai ya yi ta dariya yana cewa, "Mei you, Ghali, babu!"

Bene za a gina a filin. Ranar bankwana da shi 'yan wasansa kowa ya ɗebi ƙasa daga inda tsohon yake tsayawa, ni ma na ɗiba. Ban rusuna wa hoto ba, ban kunna turare ba. Ina kewarsa ƙwarai, Umma. Don Allah ki adana mini har in dawo.

Ɗanki mai neman albarka,
Ghali

Kano

Ghali,

Muna lafiya. Harouna ya yi nawa, takardarka ta zo a makare. Kulki da safa suna ƙarƙashin gadona. Gwangwanin kuwa ban jira ba, tuni na juye shi a gindin zogalen tsakar gida.

Ban ce na gama yarda ba, wanda ya iya ɓoye ciwo zai iya ɓoye toka. Amma zancen tukunyar nan ya tsaya mini a rai. Ko ƙasa ce ko shi ne, na hana kowa zuba ruwan wanke-wanke a wurin. Ni nake ba zogalen ruwa da kaina, daga randar da muke sha.

Allah Ya yi maka albarka.
Yalwa