Motar da Kwastan Suka Sani

Illela, daren Lahadi, damina 1986

Motar nan da surukina Alhaji ya sayar mani, ban yarda da ita ba. Ba ta da kuloci, da kanta take canza giya. In na taka totur sai ta tsaya tana ruri, sannan ta zabura kamar an tsikare ta. Bakanike ya ce wani ya sauya kwanon man da ke tsakanin inji da giya, don saurin tashi. Saurin mi? Ni ko jaki ya wuce ni ba na fushi.

Yau a shingen kwastan, wani jami'i ya shafa gaban motar yana murmushi, ya ce mata, "Hajiya, kin dawo? Malam, sauko."

Har kujeru suka kwance suna bincike. Gobe Alhaji zai faɗa mani mi take ɗauka a da, kafin in sa 'ya'yana ciki.