Ramukan Tsakar Gidan Ɗangoggo

Orozo, 3 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Rabi'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki? Maginan da kika turo sun fasa simintin tsakar gida, sun jera bulon kamfaninku. Amma an cuce ki, 'yar nan! Tsakanin bulo da bulo sun bar rami, sun cusa tsakuwa. Kin san tun da ruwan gidan nan ya shiga rumbun Jacob bara ya ruɓar masa da doya, maƙwabcina na shekara talatin ko gaisuwata ba ya amsawa. Abin yana ci mini rai. Ba zan bari a maimaita ba, gobe zan toshe ramukan da siminti.

Allah Ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Ɗangoggo

Idu, 5 ga Yuni

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Don Allah kada ka taɓa! Ramukan nan su ne aikin. Ta cikinsu ruwa zai nutse ƙasa maimakon ya nufi gidan Baba Jacob, rijiyarmu ma ta samu rabonta. Ai siminti ne ya jawo rigimar tun farko.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Rabi'atu

Orozo, 9 ga Yuni

Rabi'atu,

Ina amsa gaisuwa. Wasiƙarki ta iso aikin gama ya gama, na riga na toshe rabi. Washegari da hantsi aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ɓangaren maginanki ya shanye nasa tas, nawa kuwa ya kwashi ruwa sai gidan Jacob. Ina tsaye da tsintsiya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, sai ga shi ya shigo, wando a naɗe. Ya dubi can, ya dubi nan, ya ce, "Oga injiniya, wane side ne naka?" Na nuna masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya je ya ɗauko guduma. Kwana biyu muna ɓamɓare simintina, yana yi mini tsiya. Rabona da farin ciki irin wannan na daɗe.

Ki gai da abokan aikinki.
Mahaifinki

Orozo, 16 ga Yuni

Rabi yarinyana,

Ina gaishe ki. Jiya an yi ruwa sosai, rumbuna a bushe. Ki turo maginan su yi mini nawa tsakar gida. Amma ranar aikin ki kira babanki wurinki a Idu, ki riƙe shi har su gama.

God bless you.
Baba Jacob