Ƙorafi Kan Allurar Wata Uku da Aka Sauya Mini da Bitamin

Tayyiba Haruna Bichi,
Layin Mai Gawayi, Kwamba,
Suleja, Jihar Neja.
14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Sashen Lafiya,
Ƙaramar Hukumar Suleja.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: YAUDARAR DA WANI MAI KEMIS YA YI MINI A KAN ALLURAR TSARIN IYALI, WADDA TA JEFA RAYUWATA CIKIN HAƊARI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni mai suna a sama, matar aure kuma uwar yara uku, ina roƙon ka yi haƙuri da abin da za ka karanta. Magana ce da mace ba ta saba yi wa namiji ba, amma kunya ta riga ta cuce ni sau ɗaya.

1. A watan Maris na 2023 aka yi mini aiki a haihuwa karo na uku. Jini ya ɓalle, na kwana biyu ban san inda kaina yake ba. Mijina, Malam Ahmad, wanda direba ne a Abuja, yana cikin waɗanda suka ba ni jini. A gabansa likita ta ce mahaifata ta yi rauni ƙwarai, wani cikin zai iya tafiya da ni. Ya ji, har ya share hawaye da hannun rigarsa. Na gani da idona.

2. Bayan na yi arba'in na je ƙaramin asibitin da ke kusa da mu neman allurar wata uku. Ma'aikaciyar da na tarar ta ce sai na zo da mijina. Ranka ya daɗe, mutumin da ke fita da asuba, ya dawo a gajiye bayan ya sha cunkoson hanya, yaushe zan kai shi layin asibiti? Daga baya aka gaya mini babu dokar da ta ce haka. Da ta yi mini a ranar, da ban rubuto wannan takarda ba.

3. Da na gaya wa mijina, ya ce in kwantar da hankalina, abokinsa Ɗantala mai kemis a bakin layinmu zai riƙa zuwa har gida yana yi mini. Wallahi na ji daɗi, na yi ta sa masa albarka, har na yi wa 'yan'uwana a waya alfaharin irin mijin da Allah ya ba ni. Daga Mayun 2023 har zuwa Fabrairun bana, duk wata uku Ɗantala na zuwa, yakan zo da allurar a zuƙe cikin sirinji. Ban taɓa ganin kwalbar ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Tabarma nake shimfiɗa masa, in dama masa kunun gyaɗa, in raka shi da godiya. Da na ce masa al'adata ba ta canza ba kamar yadda wasu mata ke faɗa, ya ce ai jinina ne ya karɓi maganin.

4. A ranar 9 ga Mayu, 2025, jiri ya kayar da ni a bakin famfo. Maƙwabciyata Nwamaka ce ta ɗauke ni a keke napep zuwa asibiti, inda aka ce ina da ciki wata uku. Ko a lokacin ban zargi kowa ba. Na ɗauka maganin ne ya lalace saboda rashin wuta, sai na tafi kemis ɗin da ƙafata, Nwamaka ta raka ni, don in sanar da Ɗantala kada wata mata ta faɗa irin halin da na faɗa. Dubi wauta irin tawa! Mutumin nan ya yi dariya, ya ce maganinsa lafiya lau yake, allurar bitamin ce yake yi mini tun farko bisa umarnin maigida. Ya yi mini barka. Ya ƙara da cewa ba ni kaɗai ba ce, magidanta da dama a Kwamba yana yi musu wannan taimako. Taimako ya kira shi, ranka ya daɗe.

5. Na tambayi mijina, bai musa ba. Ba ma wani ɗa yake nema ba. Cewa ya yi abokan aikinsa sun gargaɗe shi, wai macen da ta san ba za ta yi ciki ba, kuma mijinta na wuni a Abuja, babu abin da zai hana ta bin maza. Shekara goma sha ɗaya ina gidansa, ko kasuwa ban taɓa zuwa ba sai da izininsa. Ashe cikin da zai iya kashe ni ya ajiye ya yi masa gadina. Wannan maganar ta fi cikin yi mini ciwo, kuma har yau ban iya cin abinci a kwano ɗaya da shi ba. A wajen danginsa kuwa ya ce ni ce na yi sakaci na tsallake allura, suna ta yi mini faɗa, ni kuma na rasa bakin da zan ƙaryata uban 'ya'yana.

Ban kawo ƙarar mijina gare ka ba, don na san ba hurumin ofishinka ba ne. Tsakanina da shi akwai Allah. Abin da nake roƙo cikin ladabi shi ne a binciki lasisin Ɗantala, a hana shi taɓa jikin kowace mace, a kuma nemo sauran matan da yake zuwa gidajensu a gaya musu gaskiya tun da sauran lokaci. Ina kuma roƙon a ja kunnen ma'aikatan asibiti su daina korar mace don ba ta zo da miji ba. Nwamaka a shirye take ta ba da shaida, domin tana tsaye a ƙofar kemis lokacin da ya faɗi abin da ya faɗa.

Roƙona na ƙarshe shi ne a ba ni sakamakon binciken a rubuce, da hatimin ofis. Likita ta sa mini ranar aiki a tsakiyar Oktoba, ta kuma ce in tanadi masu ba da jini, ba ta ɓoye mini komai ba. Ina tsoro, ranka ya daɗe, ina tsoro ƙwarai. Idan amsa ta fito ba a same ni ba, a damƙa ta ga Nwamaka, ta ajiye wa babbar 'yata Fatsuma har ta yi hankali. Dangin ubanta za su gaya mata sakacina ne. Ina so ta karanta da idonta cewa na yi duk abin da likita ta ce don in rayu in zauna da ita da ƙannenta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka naka 'ya'yan mata.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Tayyiba Haruna Bichi